Cokali Ɗaya na Irin Kindirmo

Shekara talatin da ɗaya mijina Prodyut bai taɓa wanke ko cokali a gidan nan ba. Sai da ya yi ritaya tsafta ta kama shi. Na dawo kasuwa da madara da mazarƙwailar dabino, na buɗe firij, na ga wayam. Ƙaramin kaskona babu shi.

"Baban Tuli, ina kaskona?"

"Mai tsamin nan? Na zubar, na wanke miki shi tas." Har yana jiran godiya, mutumin nan.

Irin kindirmon mahaifiyata ne. Da shi ta shigo birnin Kolkata na Indiya tana amarya, duk sati ana ɗibar cokali ɗaya daga tsohon a haɗa sabo. Ta rasu a hannuna, na ci gaba. Gobe kuma 'yarmu Tuli za ta kawo mijinta walimar suruki ta shekara, wadda ba a rufe ta sai da kindirmo mai zaƙi.

"A sayo na kanti mana," in ji shi. "Nono ai nono ne."

"Namiji ma ai namiji ne. Me ya hana ni auren mai gadi?"

Na dafa madarar har ta yi kauri, na narka mazarƙwailar a ciki, na jera tukwanen ƙasa, raina na tafasa. Na kanti ba ya kamawa yadda nake so. Mace ɗaya ce a benenmu ke haɗa nata a gida: Bithika ta sama, wadda muka shekara tara ba ma gaisawa saboda shanyarta da ke ɗiga a barandata.

Na haɗiye girman kaina na hau.

"Ikon Allah," ta ce daga bakin ƙofa. "Yau ruwan bai ɗiga ba, sai ga ki?"

"Iri nake so, Didi," na ce, na kira ta yaya da yarenmu. "Cokali ɗaya."

Ta miƙo mini kindirmonta a kofi. Na ɗanɗana don in kushe, sai harshena ya tsaya. Tsamin nan na san shi tun ina goye.

"Mahaifiyarki ta hawo da shi, watan da za ta rasu," ta ce. "Ta ce in riƙe, wata rana za ki zo nema, kuma kada in jira ki ce don Allah."

Na sauko matakala ina kuka ina jin haushi. Mahaifiyar nan tawa ta san mijin da na aura, ta kuma san 'yar da ta haifa.