Alkyabbar da Ajara Ba Ta Yanke Ba

Da Ajara ta ce a auna mata jan yadi, Maame Serwaa ta ajiye almakashi ta dube ta da tausayi.

"Wa ya rasu, 'yata?"

"Ba kowa, Maame."

"Wannan kobene ne fa. Mu Asante ba ma ɗaura shi sai mun yi rashi." Matar ta daɗe a kasuwar Kejetia har Hausa ta zauna a bakinta. "Ko ku mutanen Zongo kun fara makoki irin namu?"

Ajara ta ce samari ne za su yi wasa. Ta ɗora ƙunshin a ka ta kama hanyar unguwarsu Alabar, maganar tana biye da ita kamar ƙuda.

Wasan kuwa daga wani fim ya fito. Sanni, mai waldan da aka sa musu ranar aure shi da Ajara bayan Babbar Sallah, ya kalle shi har ya haddace. Labarin wani sarki ne na zamanin da, shi da 'yan tsirarun jarumansa, suka tare wata ƙuntatacciyar hanya tsakanin dutse da teku, suka hana rundunar da ba ta ƙirguwa wucewa, har aka kashe su duka. Ba riga a jikinsu sai jar alkyabba da garkuwa. An ce daga littafin zane aka ciro shi, shi ya sa sararin samaniyarsa yake kamar tagulla, kowane mutum kamar an sassaƙa shi. Sanni yana da shafukan littafin a wayarsa, yana buɗe su da ladabi kamar mai buɗe hoton kakansa.

Sau ɗaya ya zaunar da ita ta kalla, a rumfar da abokinsa Kimba da sauran samarin suke ɗaga ƙarfe, inda aka cika gwangwanayen fenti da siminti aka soke su da sanda. Samarin suna furta maganganun sarkin kafin sarkin ya furta. Ita idon tela gare ta, don haka abin da ta gani daban. Ta ga jini yana tashi sama a hankali kamar furen da iska ta kaɗa, amma bai taɓa sauka ya ɓata ƙasa ba. Ta ga an yi kwana da kwanaki ana yanka, ba wanda ya wanke tufa, ba alkyabbar da ta sarƙe a ƙaya.

"Kin ga matar sarkin?" Sanni ya raɗa mata. "Ko hawaye ɗaya. Haka nake so ki zama."

"Ai biyan ta aka yi kada ta yi kuka," in ji Ajara.

Da farko ta ɗauka alkyabbun na yawon Sallah ne, a hau babura a zaga Zongo a burge 'yan mata. Sai da ta ɗinka rabi ta ji gaskiya a bakin mai koko. Wani fili ne can bayan Tafo da aka sayar wa mutum biyu. Ɗayan ya riga ya aza harsashin gini, ɗayan ya tara 'yan daba zai rushe. Mai ginin ya nemi su Kimba su tsare masa wurin ranar Asabar. Su kuma suka ce ba za su je kamar sauran 'yan gadin fili ba, da tsummoki da tabarau. Za su je yadda za a daɗe ana ba da labari.

Ta ɗinka na kowa, ta bar na Sanni. Ta zura igiyar wuya kawai, ta bar yadin da tsawonsa yadda aka yanko shi daga kasuwa, ba yanka, ba kalmasa. Tunaninta mai sauƙi ne, irin na wanda so ya rufe wa ido. Kimba ya rantse ba wanda zai hau mota ba alkyabba, kuma Sanni mutum ne da ba ya fita da riga in ba a goge ta ba.

Ta je wajen mahaifiyarsa ma. Mma Mamuna tana tuyar ƙosai a bakin kwata, hayaƙi ya sa idanunta ja.

"Na yi magana har muryata ta dushe," in ji ta. "Ya ce mini ubansa ya yi dako a kasuwa har bayansa ya lanƙwashe, ya mutu ba wanda ya san sunansa. Me zan ce masa? Ƙarya ya yi? Ke dai gwada, 'yata. Ke yake ji yanzu."

Ranar Asabar da hantsi Sanni ya shigo kwantenar da ta mayar shagon ɗinki, ƙirjinsa yana sheƙi da man kaɗanya. Ajara ta ji zuciyarta ta yi abin da ta saba yi duk lokacin da ya cika ƙofa, ta tsani kanta saboda haka. Ta zare almakashi daga kan teburi ta zauna a kansa.

"Uwargida, ina kayana?"

"Mayafin naka? Ban gama ba."

"Alkyabba ce."

"Mayafi ne, Sanni. Irinsa nake ɗinka wa 'yan kai amarya."

Ya yi dariya, amma da ya ɗaga yadin ya ga gefensa yana zubar da zare, dariyar ta tsaya.

"Na kowa kin gama."

"Kowa ba shi zan aura ba."

"Ajara, tsayuwa kawai za mu yi. Su gan mu, su ji tsoro, su koma. In mun haɗa kafaɗa ba mai wucewa."

"A fim ɗin naka sun koma?"

Ya juya yadin a hannunsa.

"Na tambaye ka. Da suka haɗa kafaɗar, su nawa suka dawo gida suka ci tuwo?"

"Amma har yau ana ambaton su."

"Ni ba ambato nake so ba. Mutum nake so, mai munshari, mai ƙorafin gishiri ya yi yawa. Filin nan ba naka ba ne. Ko ɗakin kaji ba za a ba ka a ciki ba."

A waje motar ɗaukar kaya ta danna oda, Kimba yana kiran sunansa. Sanni ya miƙa hannu.

"Ba ni almakashi in rage da kaina."

"Ya ɓata."

Ya kalle ta. Sannan ya yafa yadin, ya ƙulle igiyar a wuya har sau biyu, irin ƙullin masu walda da ba ya kwancewa. Jan yadin ya sauka har ƙasa, ya yi saura kamu guda yana sharar siminti.

"To shi ke nan," ya ce da murmushi. "Na sarki ne yake jan ƙasa."

Ƙarfen almakashin yana cizon cinyarta. Da ta kira shi, da numfashi biyu ta yanke. Amma ta ce a ranta za su yi masa dariya a mota, zai ji kunya, zai sauko ya dawo yana huci, ita kuma ta riƙe shi da faɗa har rana ta faɗi. Ta zauna tana sauraron dariyar. Dariyar ta zo, har da tafi. Sai motar ta tashi da shi.

Kafin azahar Kimba ya dawo a ƙafa, ba takalmi, ba alkyabba a wuyansa. Ya tsaya a ƙofar kwantenar riƙe da jan ƙunshi. Ƙaton da yake ɗaga siminti da hannu ɗaya, ya kasa ɗago kai ya dube ta.

"Da bindiga suka zo," ya ce. "Mu muna jiran adduna. Harbi ɗaya suka yi sama, kowa ya watse. Wallahi ban san lokacin da na tsallake katanga ba."

"Sanni fa?"

"Ya gudu shi ma. Shi ne na ƙarshe, amma ya gudu, har ya hau katangar. Sai rodin da ya fito daga ginin ya kama masa alkyabba ta ƙasa. Tasa ta fi tamu tsawo, ban san dalili ba. Ta fizgo shi baya ta wuya. Yana ta fama da igiyar, ta ƙi kwancewa, har suka iso." Ya miƙa mata ƙunshin, alkyabbar Sanni ce. "Ba kamar yadda muke gani ba ne, Ajara. Da sauri ake yi. Kuma yana kiran Mma."

An yi masa sutura da farin yadi, aka kai shi kafin magariba. Mata suka cika gidan Mma Mamuna, ana ta salati, ana cewa kwana ne ya ƙare. Tsohuwar ta jawo Ajara jikinta a gaban kowa.

"Wannan yarinyar ita kaɗai ta tsaya masa," ta ce. "Har ɗinkin ta ƙi yi don kada ya tafi. Allah ya saka miki, 'yata."

Matan suka amsa da amin. Ajara ta ɓoye fuskarta a kafaɗar tsohuwar.

Washegari ta kai ƙunshin wajen wanki ta zuba a bokiti. A ido ba a gane inda jinin yake, ja ne a kan ja, sai dai yadin ya yi tauri a wasu wurare kamar an sa masa sitaci. Ruwan ne ya nuna. Ta zubar ta sake, ta zubar ta sake, kwata tana ɗauke da shi zuwa cikin unguwa. Can wajen rumfar ɗaga ƙarfe wani ya kunna fim ɗin, ana jin gangunansa da ihun sarkin sama-sama.

Da yadin ya bushe ta shimfiɗa shi a teburin ɗinki. Awon Sanni yana cikin kanta tun rigar Sallar bara, daga wuya zuwa ƙwauri. Ta ja tef, ta ɗiga alli. Ramin da rodin ya huda yana ƙasa da layin allin da faɗin tafin hannu.

Ta ɗauko almakashi ta yanke a kan layin, ta kalmashe gefen da kyau, ta taka keke. Guntun da ya faɗi ƙasa, mai ramin, ba ta iya sunkuyawa ta ɗauka ba.