Katakon Tsufa

Tsintsiya ta je ɗauka, sai idonta ya faɗa kan wani siririn zare na ƙasa da ya bi gindin bango, ya shige ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin baya. Malama ta daɗe a tsugune tana kallonsa. Ta san aikin gara in ta gan shi.

A ɗakin nan mijinta, kafinta, yake ajiye tsufansa. Duk sa'ad da ya gama babban aiki, sai ya sayi katako mai kyau ya jibge a ciki, ya datse da kwaɗo. Ranar da hannu ya kasa riƙe zarto, in ji shi, zai riƙa fitarwa ɗaya bayan ɗaya yana sayarwa. Ita kuwa tun da ta kama koyarwa ta roƙi akawun makaranta ya riƙa yankar mata wani abu a albashi, ban da na dole, yana zubawa a asusun fansho. Shekara da shekaru suna tsokanar juna a kan wannan.

Da suka zauna karin kumallo ta ce, "Baban Auta, yaushe rabonka da buɗe bankinka?"

"Au, yau kuma banki ya zama? Ba ke ce kike kiransa masaukin ɓeraye ba?"

"Na ga hanyar gara a ƙofar."

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Gara ta san gidan da take shiga, Malama. Ni dai nawa ina iya shafa shi da hannu. Ke naki fa? Kin taɓa ganin ko ƙeyarsa?"

"Masu sana'ar hannu ma ana buɗe musu asusun fansho, na gaya maka."

"Ki gaishe su."

Ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta. A aji ranar ta rubuta darasi a allo, ta goge, ta sake rubuta shi, yara suna ta kallon juna. Tana ta addu'a a ranta Allah ya sa ita ce ta ji kunya.

Da ta dawo bayan la'asar, kwaɗon yana rataye a buɗe. Bai je shago ba. Ta leƙa, ta hango shi durƙushe, ya ba ta baya, furfurarsa ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Yana jawo katako, ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ya kasa kunne. Wanda ya amsa da ƙarfi ya jingine shi a bango, wanda ya yi amon ganga ya tura shi gefe. Na bangon ba su taka kara sun karya ba. Ya jawo wani faffaɗa da ta tuna ranar da ya shigo da shi yana waƙa, ya danna babban yatsa a tsakiyarsa, yatsan ya lume. Ya bar shi a ciki, bai zare ba.

Tun a hanya ta shirya abin da za ta faɗa: gobe ta raka shi ofishin fansho, kuma abin da ta tara ai nasu ne su biyu. Maganar ta zo mata har leɓe. Sai ta ga kafaɗunsa suna motsi a hankali.

Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta juya.