Tudun Gishirin Zalika

Shekarar da sojoji suka ce kowane gari sai ya gina magaza ta ajiye hatsi, wani kapiten ya taso daga Gaya ya zo wani ƙauye a bayan Bana. Ko saukowa daga mota bai yi ba. Ya leƙo ta taga, ya hango tudu a bakin fadamar Foga, ya nuna da sanda ya ce a nan, wai wurin da tsayi, ruwa ba zai ci shi ba. Maigari ya ce ai shi ma can ransa ya ba shi. Maigarin da ko a kansa aka ce za a yi ginin, hula zai cire.

Tudun nan na Zalika ne, mai dafa gishiri, kuma hannu ne ya tara shi. Masu gishiri ƙasar fadama suke kankarowa, su zuba a kwando, su kwarara ruwa, ruwan gishiri ya tsiyaye a tukunya su dafa. Ƙasar da aka tatse sai a juye ta nan gefe. Kakar kakarta ta juye, kakarta ta juye, uwarta ta juye, har wuri ya zama tudu. A kansa murhunta yake, da rumfarta, da kwandunanta goma sha biyu. In an raba ta da shi, sai dai ta koma roƙon gefen murhu wajen matan da ita ta koya wa aikin.

Bayan kwana takwas aka aiko wani Cha'ibu daga Doso, ma'aikacin gine-gine, ya duba ƙasa kafin a haƙa harsashi. Ya zo da takalmi rufaffe da wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki, ana juya shi yana nutsewa. Duk metir guda sai ya zaro, ya murza ƙasar, ya ɗura a ɗan buhu, ya rubuta lamba, wai za a kai Yamai a auna. Rani ne, tudu ya bushe ya yi tauri kamar ƙanzo. Ya huda rami uku, ya ce wa Maigari da alama ba laifi.

Zalika na gefe tana iza wuta, ranta ya fi tukunyar tafasa. Ta tashi ta cusa hannu a buhu ɗaya, ta ɗebo ta ɗanɗana, yadda kowace mai gishiri ke yi kafin ta wahalar da ƙugunta. Ta tofar dab da takalmin nan.

"Ɗana, wannan za ka kai har Yamai? A Doso ka baro harshenka? Ƙasar nan an tatse ta tun ba a haifi ubanka ba, ba ta da ƙashi. Ruwan farko in ya sauka kunu za ta zama, ɗan gishirin da ya rage ya cinye maka siminti da ƙarfe."

Aisata matar Maigari, wadda ta daɗe gishirinta ba ya kai na Zalika fari, ta ce ƙarya ce, don kar a karɓe mata tudu ne. Kafin azahar magana ta zaga gari ta dawo da ƙari: wai Zalika ta tofa wa gwamnati miyau.

Shi Cha'ibu dai ba wawa ba ne. Ya haɗa wani ƙarfe a kan na farko, ya sauka metir huɗu. Sai ga toka, ga tsingaro, ga ruɓaɓɓen kwando. Ya kwara bokitin ruwa a ramin, bakin ya rufta yana kallo. Ya rubuta a takarda cewa wurin cika ne, ba ya ɗaukar gini. Ranar nan Zalika ta ƙulle masa gishiri a tsumma, ta sa masa albarka, ta ɗauka ta tsira.

Ashe kapiten ya riga ya gaya wa manyansa wurin, kuma soja ba ya nuni da sanda sau biyu. Da aka karanta masa takardar sai ya ce tunda ƙasar banza ce, a kwashe ta, a yi ginin a kan ta ƙwarai da ke ƙasa.

Aka buga ganga, aka ce gayya, irin gayyar da ba a cewa ana ciwon baya. Maza da shebur, mata da kwanduna, daidai lokacin sharar gona. Ranar farko aka rushe murhun Zalika. Ita ma aka sa ta a layi, da kwandunanta na tacewa take ɗiban abin da uwarta ta tara tana zubarwa a kwari. Kwana talatin da bakwai ana wannan. Wa zai zagi kapiten? Zalika aka samu. Cewa suke da ta kama bakinta da an gina, in ya rushe bayan shekara, ina ruwan wani. Gaisuwa ma aka daina yi mata a rijiya.

Wata rana Cha'ibu ya tare ta, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, gaskiya na rubuta."

"Ita ce nake ɗauke da ita a kai, ɗana. Matsa in wuce."

Da tudu ya ƙare aka iske ƙasar fadama. Aka fara haƙa harsashi, ba a kai gwiwa ba ruwa ya tsatso. Wannan karon Cha'ibu bai nemi buhu ba, yatsa ya tsoma ya kai baki, ya yamutse fuska, ya rubuta takarda ta biyu. Kapiten bai sake zuwa ba. Simintin da aka kawo don ginin aka loda a kamiyo, babbar motar kaya, aka yi wani gari da shi. Gonaki rabi ba a share ba ruwa ya sauka, ba wanda ya ce wa kowa yi haƙuri.

Bayan damina filin ya bushe, ya yi farin ɓawo. Ƙasa ce da ba a taɓa kankara ba tun zamanin kakar kakarta. Zalika ta zo da kwanduna ukun da suka rage, ta ɗanɗana, ba ta tofar ba. Ta jera duwatsun murhu, ta tace, ta juye ƙasar farko a gefe, ɗan tuli ko idon sawu bai kai ba. Ta tsaya tana kallonsa, ta yi tsaki.

Kwana uku sai ga Aisata da kwando a hammata, da gaisuwar da ta yi wata biyar a ɓoye, har da tambayar ƙafa. Wai ko Yaya za ta bar mata ɗan gefe ta kankara.

Zalika ba ta ɗago ba. "Filin gwamnati ne. Je ki tambayi mijinki, shi kuma ya tambayo kapiten."