Awon Kan Gado

Yana kan matakala ta goma sha ɗaya, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen gefe, ya lanƙwasa wuya don ya ga inda ruwa ya taɓa sandar awon da ke manne da ginshiƙin gada. Santimita talatin da takwas. Kogin da ya haɗiye unguwa guda a daminar bara yau ko akuya ba za ta ji tsoronsa ba. Ya koma ɗan siririn abu yana raɓe-raɓe a gefen yashi, ledoji da tsoffin silifa sun fi shi yawa. Ya rubuta lambar a littafi, ya zaro waya ya tura ta ofis, sannan ya fara hawowa, gwiwoyinsa suna ƙorafi.

Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki: ƙarfe bakwai na safe ya sauka, ya duba, ya rubuta, ya tura. Har mutane suka manta da sunansa, kowa sai dai ya ce Ma'auni. Matarsa ma, Allah ya jiƙanta, da shi take kiransa idan ya ɓata mata rai.

Duk farkon shekara ofis kan aiko masa da sabon littafi, shi kuma ya buɗe bangon ciki ya rubuta abin da yake son cimmawa kafin shekarar ta fita. Wanda ya buɗe tsofaffin littattafan zai sha dariya. Gyaran rufin kicin ya fito shekara shida a jere. Rage sukari ya fito sau tara, kuma har gobe cokali uku yake zubawa a shayi. Na bana kuwa layi ɗaya ne tak: “In faɗi gaskiyar ranar sha huɗu.” Ga shi an shiga wata na biyar, hadari ya fara haɗuwa da la'asar yana watsewa, bakinsa bai buɗe ba.

Masu awon ruwa suna da abin da suke kira awon kan gado. Ran da mura ta kayar da kai, ko ruwan sama ya tsare ka a ɗaki, sai ka ɗauko lambar jiya ka rubuta ka tura. Kowa yana yi, kowa yana rantsuwa bai taɓa yi ba. Ma'auni shi da gaske bai taɓa yi ba, yana ma cika baki da hakan har ya ishi mutane. Sai ranar sha huɗu ga watan takwas na bara.

Kwanan matarsa shida a asibiti a lokacin. Da safen nan likita ya ce a nemo wanda zai ba da jini, ya fito a gigice zai je gida ya ɗauko lambar wayar ƙaninta. Gada tana can wancan ƙarshen gari, tafiyar rabin awa. A tsaye, a ƙofar asibiti, ya tura lambar jiya: mita biyu da arba'in. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma hanyar gida ta ƙofar shagon Tela take bi, abokinsa tun suna samari, wanda duk safiyar Allah sai ya leƙo ya tambaye shi labarin kogi. Ranar akwai mai amalanke tsaye a ƙofar shagon, don an yi ta jita-jitar ruwa mai yawa ya sauka a can sama, Tela yana shawarar kwashe kekunansa.

“Ma'auni, ya kogin?”

“Yana nan yadda yake jiya,” ya ce, bai ko tsaya ba.

Tela ya sallami mai amalanke. Kafin la'asar ruwa ya shigo unguwar gangare, ya kai ƙirji, ya wuce kai. Ba a rasa rai ba, amma Tela ya rasa keken ɗinki uku da yadin mutane cike da kanta. Bayan kwana tara matar Ma'auni ta rasu. Tela ya zo ta'aziyya da rigar aro, ya zauna kusa da shi kwana uku, Ma'auni bai iya ɗaga ido ya dube shi ba. Tun daga nan Ma'auni bai sake neman inda Tela yake ba.

Yau ofis sun kira shi. An kawo sabuwar injiniya da za ta gina katangar tare ruwa, tana son ganin duk littattafan awo don ta san yadda kogin yake tashi. Ya koma gida, ya sha shayinsa a tsaye, ya wanke kofi ɗaya ya kife. Gidan shiru, sai firij mai gurnani. 'Yarsu tilo tana aure a nesa, takan bugo a ƙarshen mako ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce mata ya ci har ya bar saura. Ya zuba littattafai goma sha tara a buhu, ya ɗaure bakin da igiyar shanya.

“Baba, wannan kaya haka, makaranta za ka koma?” in ji kwandastan bas, yana tura buhun ƙarƙashin kujera.

“Jarrabawa zan je,” in ji Ma'auni.

Bas ɗin ta bi ta unguwar gangare. Wasu sun yi sabon fenti, amma yawancin bangaye har yanzu suna ɗauke da zanen ruwan, layi mai launin ƙasa a miƙe daga gida zuwa gida, sama da tagogi. Matar da ke kusa da shi tana gaya wa maƙwabciyarta cewa ita bana ko yayyafi aka yi sai ta ɗora katifa a kan kabad. Suka wuce tsohon shagon Tela, babu ƙofa, wani ya ɗaure akuya a ciki. Ma'auni ya mayar da idonsa kan ƙeyar direba. Tsoro yake ji, tsoro sosai, irin na ɗan makarantar da aka aika kiran iyayensa. Ya san za su iya korarsa yau. Ya san kuma idan magana ta fita, duk mai layin nan a bangonsa zai san sunan wanda zai tsine wa.

Injiniyar mace ce da ta manyanta, da tabarau a kan goshi da wani a ido. Tebur ɗinta cike da taswirori, kofin shayi ya danne kusurwar ɗaya don kada fanka ta ɗage ta. Ta buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya tana jinjina kai.

“Baba, sannu da ƙoƙari. Na duba na tashoshi bakwai, ban ga mai tsabtar naka ba. Ko rana ɗaya babu giɓi.”

“Akwai giɓi, ranki ya daɗe.”

Ta ɗago.

Ya jawo littafin bara, ya buɗe shafin da ya san wurinsa ko a duhu, ya ɗora yatsa. Ya yi wata tara yana shirya jawabin nan a kan matakalar gada, da gabatarwa da komai, amma da ya buɗe baki sai ya fito gutsi-gutsi. Asibiti. Jini. Bai je ba. Lambar jiya ce. Da ya je, da ya ga ruwan ya haura, da ofis ya yi shela tun da safe, da mutane sun kwashe kayansu.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta tambaye shi wace lambar waya yake tura wa awon. Ya karanto mata da ka. Ta ce ya maimaita. Sai ta miƙe ta je wani tsohon tebur da ke lungu, ta jawo aljihun ƙasa da ƙyar, ta tona cikin tsoffin hatimai da igiyoyin caja, ta ɗauko wata ƙaramar waya. Batirin ya kumbura har ya ɓalle murfin baya.

“Wayar sashen awo ce,” ta ce a hankali. “Mai riƙe da ita ya yi ritaya shekara uku da suka wuce. Da na zo a nan na same ta. Gargaɗin ambaliya yanzu daga na'urar da ke madatsar sama yake zuwa, Baba. Ranar ma an samu, an dai makara wajen shelar. Ba daga wajenka ba ne.”

“To saƙonnin nawa fa?”

Ta dubi batirin da ya kumbura. Ta ajiye wayar a kan taswira, ta ɗauki fensir, ta ja ɗan layi a kan mita biyu da arba'in, ta rubuta “ba a auna ba” a gefe. Abin da ya hana shi barci wata tara, ko minti ɗaya bai ɗauke ta ba. Ta ce littattafan suna da amfani ƙwarai, ta ce ya ci gaba, za a ba shi sabuwar lamba. Ta rako shi har ƙofa tana kiransa Baba, da irin tausayin da ya fi zagi ciwo.

Ya tsaya a bakin titi riƙe da buhun da ba komai a ciki, littattafan suna ofis. Ya kamata ya ji sanyi a ransa, ya ma tsaya yana jiran sanyin, bai zo ba. Shekara uku yana sauka matakalar nan, da zazzaɓi, da ruwan sama, da safiyar da aka binne matarsa, yana aika lambobi cikin aljihun tebur. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwar ba, ko ranar da 'yan zaman makoki suka watse. Ashe duk faɗin garin nan mutum ɗaya ne yake amfani da awonsa, kuma shi ne wanda ya yi wa ƙarya ido da ido. Wannan kuwa babu fensirin da zai soke ta.

Bai hau bas ɗin gida ba. Ya bi hanyar kasuwar tudu a ƙafa, rana tana dukan tsakiyar kansa.

Ya san wurin Tela, don sau da yawa ya hango shi daga nesa ya sauya hanya. A barandar wani shagon kayan gini Tela ya kafa tebur, da keken hannu guda wanda fentinsa ya goge. Mutumin da a da sai an yi layin wata guda kafin ya karɓi ɗinki, yanzu facin wando yake yi da sauya zif. Ya rame, furfura ta cinye gemun. Ya ga Ma'auni tun daga tsallaken titi, bai daina juya keken ba.

“Sannu da aiki,” in ji Ma'auni.

“Yawwa, sannu. Ɗinki ne? Don ban san baƙi da zuwa haka kawai ba.”

“Tela, ranar nan ban je kogi ba. Da ka tambaye ni. Ban je ba, lambar jiya na faɗa maka.”

Keken ya ci gaba da ƙara har ya kai ƙarshen layi. Tela ya yanke zare da haƙori, ya tofar.

“Na sani.”

“Ka sani?”

“Kai, Ma'auni. Shekara nawa ina naɗe maka ƙafar wando? Laka ce take cinye shi, kullum sai na yi maka faɗa. Ranar wandonka fes kamar na ango, kuma ta titin asibiti ka ɓullo, idonka jajir. Yaro ne ni?”

“To me ya sa ka sallami mai amalanken?”

“Bayana ke ciwo. Keke uku ba wasa ba ne, ga kanta, ga tebur. Neman wanda zai ce mini zauna nake yi, sai ga ka.” Ya jawo wani wando daga tulin da ke gefensa, ya juya shi ciki waje. “Wannan wautata ce, ni na san abina. Ban taɓa riƙe ka da ita ba.”

Ma'auni ya buɗe baki, Tela ya ɗaga masa hannu.

“Tsaya, ban gama ba. Abin da na riƙe ka da shi daban. Wata tara! Ina ganinka kana zuwa bakin kasuwar nan, ka hango ni, ka sunkuyar da kai ka bi ta layin masu kifi. Har na ce wa uwar yara, shi ke nan, mutumin nan ya ga na koma faci a bakin titi, kunyata yake ji. Matarka ta rasu, ina son in riƙa zuwa ina zama da kai, ina tsoron kar ka ce roƙo ya kawo ni.” Ya yi tari. “Keke ƙarfe ne, malam. An ara mini wani.”

Wata motar siminti ta tsaya a gaban shagon, leburori suka fara sauke buhuna suna ihu. Ma'auni yana tsaye, ya nannaɗe buhunsa a hannu har ya zama igiya. A hanya ya shirya jin zagi, ya shirya a kore shi. Wannan kam bai shirya mata ba.

Tela ya kwashe tsummokaran da ke kan benci ya watsa ƙarƙashin tebur.

“Zauna mana, kana tare mini haske.”

Ya zauna. Tela ya zaro allurar hannu daga ƙirjin rigarsa, ya miƙa masa tare da baƙin zare, yana kallon wani wajen.

“Ungo, zura mini. Idona ya daina ganin kafar, masu wucewa nake roƙo. Kai da kake karanta lamba a cikin laka.”

Ma'auni ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allurar sama wajen haske. Ya gwada, zaren ya kauce. Ya sake gwadawa. Idon ya cika taf da hawaye, kafar allurar ta zama biyu. Ya goge fuska da hannun riga ya sake ɗagawa. Tela ya ɗora wandon a cinya, ya harɗe hannuwa, bai ce masa ya yi sauri ba.