'Yan Hagu a Ajin Malam Albert

Malam Albert falsafa ya karanta a jami'a, ya fito da takardar da ba ta taɓa saya masa ko kofin shayi ba. Ya daɗe yana tuƙa keke napep tsakanin Nasarawa da Unguwar Sanusi, yana yi wa fasinjoji bayanin ma'anar rayuwa, su kuwa Allah-Allah suke ya sauke su. Da wata sakandare mai zaman kanta a Unguwar Boro ta ɗauke shi koyar da addini da ɗabi'a, ji ya yi kamar an tsamo shi daga rijiya. Sai dai ɗaukar gwaji ce. Mai makarantar, Mama Mary, wadda kuma ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, ta ce za ta shigo ajinsa ta gani da idonta. In ya yi mata ya zauna, in bai yi ba ai kekensa bai tsufa ba.

To, ajin nan nasa sai addu'a. In ya jefa tambaya, sai yara su yi tsit, kowa ya shiga binciken farcensa. Deborah ce kawai da wasu 'yan tsiraru ke bin sa. Tsoro ya hana bawan Allah sakat, har ana gobe Mama za ta zo dabara ta faɗo masa.

"Ku saurara da kyau," in ji shi. "In na yi tambaya, kowa ya ɗaga hannu, ebribodi. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ni na san wanda zan kira."

Precious, wata doguwa mai zaman baya, ta ce, "Sa, wannan ba ƙarya ba ce?"

"Ƙarya da baki ake yin ta. Kin ji na ce ki buɗe baki?"

Ranar ce digirin falsafa ya fara yi masa rana.

Washegari Mama ta shigo da ɗaurin kai kamar faifai, Baba Benson shugaban ƙungiyar iyaye yana biye da ita. Malam Albert ya gyara nektai, ya tambayi bambancin doka da ɗabi'a. Hannuwa suka tashi rututu. Ya kira Deborah, ta zuba amsa tiryan-tiryan. Baba Benson ya gyaɗa kai, zuciyar Malam ta yi fari tas.

Sai ya ga Mama ta haɗe rai.

"Dakata! Hagu nake gani? Ni ake ɗaga wa hagu, a gaban baƙo? Malamin ɗabi'a, haka ka koya musu?" Ta juya ga yaran. "Duk wanda na sake ganin hagunsa a sama, yau sai ya yaba wa aya zaƙinta. Oya, Malam, ci gaba. Kuma ka bar yarinyar can ta huta, mun ji nata."

Sai a lokacin Malam Albert ya gane kuskurensa. Shi da aka haifa a gidan da ake dukan yaro in ya miƙa wa babba abu da hagu, yaya aka yi ya manta? Ya dubi yaran ya ce, "Mene ne lamiri?"

Hannuwan dama suka miƙe gaba ɗaya, ba na zaɓe. Ya duba, ya sake dubawa, duk fuskokin iri ɗaya. Ya ga wani hannu can baya ya fi kowanne tsawo, ya ce a ransa mai wannan ƙarfin hali ba zai rasa abin faɗa ba. Sai da mai hannun ta miƙe ya gane Precious ce.

"Sa," ta ce, "ni fa 'yar hagu ce. Mama ce ta mayar da ni dama."

"Me kike nufi?" in ji Mama.

Yarinya ta kwashe labari kaf ta faɗa, ba ta rage ko gishiri ba. Baba Benson ya kama tari, ya fita neman ruwa bai dawo ba.

A ofis Malam Albert ya tsaya hannuwa a baya, yana tunanin ko batirin keken nan zai tashi. Mama ta daɗe tana kallonsa.

"Kai, ashe kana da kai," ta ce. "Masu duba makarantu na zuwa daga ma'aikata wata mai zuwa. Ka koya wa sauran malamai abin nan. Amma ban da hagu, mu gidan tarbiyya ne. Wanda bai sani ba ya dunƙule hannu kawai. Aiki kuwa ka samu."

Ya durƙusa yana godiya, har da ƙwalla.

"Saura yarinyar nan mai tona asirin manya a gaban baƙo. Kai ne malamin ɗabi'a." Ta miƙo masa tsumagiya.

Aka kira Precious. Ta shigo ta miƙa tafin hannu, idonta a kansa. Kunya ta kama Malam Albert har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ɗaga tsumagiyar ya sauke a hankali, kamar mai korar ƙuda.

"Ban ji ƙara ba," in ji Mama.

Ya sake ɗagawa, wannan karon har ajin da ke kusa sun ji.