Numfashin da Ba Nata Ba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma laifin da ke cikin labarin nawa ne.

Mahaifiyata Iyatu ta yi shekara talatin tana suyar ƙosai da itace a bakin tasha. Hayaƙi ya cinye mata huhu. Daga ɗaki zuwa randa sai ta dafa bango ta huta. A asibiti wata nas, Sista Ruth, ta sa ta cikin shirin masu ciwon numfashi, ta ba mu wani bututun roba da ake haɗawa da waya. In ka hura a hankali ka daɗe, wani ɗan kwalekwale a cikin wayar sai ya riƙa ƙetare kogi. Numfashi na yankewa, ya tsaya.

"Mama, wasa ne kawai," in ji Sista Ruth. "Gem, irin na yara. Safe da yamma. Ke 'yarta, ki riƙe mata wayar."

Da magani ta ce, da an wuce wurin. Amma wasa ta ce, kuma ba ta tambaya ko ni ce ta nawa a 'ya'yan Inna ba. Ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take ce min. Ko dariya ba ta cika yi a gabana ba, balle ta kumbura kumatu tana tura jirgi ina kallo. Da ƙanwata Barakatu ce, da suna yi suna tsokanar juna, amma ita tana aure a Kumbashi.

"Ke, ɗauke min abin nan. Da girmana?"

"Inna, magani ne."

"Da kunnena na ji. Wasa ta ce."

Na gwada ajiye mata wayar in fita. Hasken wayar ya mutu, ba ta san inda ake taɓawa ba, ba ta kuma kira ni ba.

Duk abin da aka hura yana zuwa kwamfutar asibiti. Rana ta huɗu Sista Ruth ta bugo, ta ce in ba ma amfani da bututun za a karɓe. Na kasa faɗa mata dalili. Sai na shiga bayan ɗaki na hura da kaina. Da farko kaɗan-kaɗan nake yi, kamar mai ciwo. Daga baya abin ya yi min daɗi, na riƙa ƙetare kogin a numfashi ɗaya. Sati shida ina haka, Inna na tari a tsakar gida.

Ranar komawa layi ya yi tsawo, likita bai zo ba. Sista Ruth ta duba kwamfuta ta washe baki.

"Mama, kin fi kowa maki. Amma wannan hakin fa?"

"Tafiya ce," in ji Inna.

"Ita ke yi da kanta, ko?" Ni ta tambaya.

Na kalli ƙasa na gyaɗa kai. Inna ta sani sarai, amma ba za ta kunyata ni a gaban mutane ba. Bututu takwas ne kawai a asibitin, wanda ya samu sauƙi sai ya miƙa wa na baya. Na miƙa.

Kafin mu kai titi sau uku ta tsaya. A na ukun ta zauna kan dakalin wani shago, ta daɗe tana neman iska. Ba ta kalle ni ba ta ce, "To ke, Allah ya ƙara lafiya. Ashe kin warke."

Washegari da safe na koma ni kaɗai, na faɗa wa Sista Ruth komai. Ta ce bututun ya riga ya tafi Beri wurin wani tsoho. Ta turo min takardar masu jira. Na rubuta sunan Inna a ƙarshe, lamba ashirin da uku.