Jirgin da Ya Ƙi Daina Rawa

Wata biyar Dogo ya yi a gida bayan ya karye a wurin aiki. Shekara goma sha tara yana tuƙa injin ɗaga kaya a kamfanin gini, sai ran nan yana saukowa ƙafarsa ta zame daga tsani. Ƙashin ya haɗe, amma likita ya ce hawa injin ya ƙare masa. Tun daga nan ya koma kujerar bakin taga, sandarsa a jingine, ba ya cewa uffan sai an tambaye shi.

Matarsa tela ce, kekenta na nan kusurwar falo. Tana taka keken tana satar kallonsa, abin yana cin ta a rai. Mutumin da a da in ya dawo surutunsa ke hana ta jin rediyo, yanzu ko ƙara gishiri ba ya cewa a yi.

Wata Asabar abokinsa Mai Walda ya shigo da kwali a hammata, ya dire a kan tebur.

"Ƙanena ne ya bar min wannan da zai tashi daga unguwa. Ya ce in zubar. Na ce akwai wani malalaci da na sani, bari in kai masa."

Ƙaramin helikwafta ne, irin wanda ake tuƙawa da rimot, tsawonsa bai fi kamu biyu ba. Ƙafa ɗaya ta ɓalle, wutsiyar ta lanƙwashe, wayoyi a waje.

"Ni yaro ne da za ka kawo min kayan wasa?" in ji Dogo.

"Wa ya ce ka yi wasa? Gyara na ce."

Mai Walda ya sha ruwa ya tafi. Kwalin ya kwana biyu ba wanda ya taɓa shi. A rana ta uku matar ta dawo daga sayen zare ta tarar da teburin cin abinci ya cika da 'yan kusoshi, an jera su a cikin murafen kwalba, maigidan kuma ya sa tabarau yana duba wata waya. Ta zuba musu abinci suka ci a kan tabarma.

Sati uku yana fama. Ya miƙar da wutsiyar, ya yi odar sabuwar farfela da batir, Mai Walda ya haɗa masa ƙafar jirgin. Da ya gama ya sauka da shi filin ajiye motoci na gidan, ya zauna a kan benci, ya tura sandar rimot a hankali. Farfela ta fara juyawa, ƙara ta tashi, sai jirgin ya kama rawa kamar mai jin sanyi. Ya yi ta karkarwa yana tafiya gefe, har wani noti ya fice ya gangara ƙarƙashin mota.

Ya kwance, ya ɗaure, ya sake gwadawa. Rawa dai. Ya canza sandar tsakiya da farfelar ke hawa, ya ce ita ce ta lanƙwashe. Rawa dai. Ran nan ya hau sama ya wurgar da sukudireba a kan tebur.

"Ki ba masu shara jirgin nan gobe. Wanda ya ce a zubar ya fi ni hankali."

"To, Maigida," ta ce. "Amma kafin nan a kunna min in gani ko sau ɗaya. Sati uku ina cin abinci a ƙasa saboda shi, ai na cancanci kallo."

Washegari da safe suka sauka tare. Ya ce ta tsaya nesa, farfelar nan tana yanka. Ta ja da baya taku goma, ta durƙusa yadda take yi in tana duba bakin siket ko ya daidaita, ta rufe ido ɗaya.

"Maigida, farfela biyu nake gani."

"Ai biyu ce dama."

"Ba haka nake nufi ba. In tana juyawa, layi biyu take yi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ba layi ɗaya ya kamata ta yi ba?"

Ya kashe injin. Shi kullum daga benci yake kallo, daga sama, bai taɓa iya durƙusawa ba saboda ƙafar.

"Wacce ce a sama?"

"Ina zan sani, suna gudu haka? Tsaya."

Ta hau ta ɗauko jan allin da take zana yadi da shi, ta goga a bakin farfela ɗaya. Ya sake kunnawa.

"Ja ce a sama. Kamar faɗin yatsa."

Akwai wani siririn ƙarfe da ke riƙe da kowace farfela, mai zare irin na noti. Ya cire na jar, ya murɗa shi zagaye ɗaya, ya mayar.

"Yanzu fa?"

"Ta sauko, amma da saura."

Ya ƙara ɗaya.

"Yauwa! Tsaya nan. Layi ɗaya."

Rawar ta ragu sosai, sai ɗan kaɗan. Wannan kuma shi ya gano: ya cire farfelun ya ɗora su a kan bakin rularta, ɗaya ta rinjayi ɗaya. Ya liƙa ɗan salatif a mara nauyin har suka tsaya daidai. Da ya kunna, jirgin ya zauna cak a kan siminti, ƙararsa ta koma santsi kamar ta sabuwar fanka. Dogo ya yi dariyar da ta daɗe ba ta ji ba, har maigadi ya leƙo daga ɗakinsa.

Tashi kuma wani aiki ne daban. Ya ɗaura wa ƙafafun sanduna biyu a gicciye da ƙwallayen roba don kada ya kife. Duk da haka, da jirgin ya ɗaga sai ya zille hagu, Dogo ya fizgo shi dama da ƙarfi, ya tafi ya faɗa cikin furannin maƙwabciya. Kwana huɗu haka.

"Hannuna ya saba da abu mai nauyi," ya ce. "Ka tura, ka jira ya amsa. Wannan ko numfashi ka yi sai ya ji."

"Kawo in gwada."

Ya dube ta, ya dubi jirgin da ya sha wahala a kai, sannan ya miƙa mata rimot kamar mai miƙa jariri. Ya nuna mata: wannan sama da ƙasa, wannan gefe, wutsiya kullum ta fuskance ki. Ta tura kaɗan-kaɗan. Jirgin ya yi sauƙi a kan ƙafafunsa, ya ɗaga zuwa gwiwa, ya so zillewa, ta taɓa shi ya dawo. Ya tsaya a iska. Dogo yana ƙirgawa a fili har ya kai goma sha biyu kafin ta dire shi da ɗan ƙarfi.

Tana ta haki. Shi kuwa fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ta ji tsoro ko abin ya sosa masa rai.

"Sa'a ce kawai," ta ce.

"Sa'a ba ta kai goma sha biyu. Sake."

Bayan wata ɗaya Mai Walda ya kai su wani fili a bayan gari inda masu irin wannan sha'awa ke taruwa ranar Asabar da safe. Maza ne su bakwai, babbansu wani tsohon likitan haƙori da suke kira Dakta. Ya miƙa wa Dogo hannu.

"Kai ne matuƙin?"

"Ni bakanike ne. Ga matuƙiyar nan."

Suka matsa mata da ladabi, wasu suna murmushin da ta gane. Ta ɗaga shi daidai ƙirji, ta kai shi gaba, ta juya shi a hankali ya fuskance ta, inda hagu ke komawa dama, ta dawo da shi ta sauke a kan kwalin da ta ajiye. Dakta bai tafa ba. Ya je ya tsuguna gaban jirgin, ya juya farfelar da yatsa.

"Wa ya saita wannan? Nawa ya shekara yana min karkarwa, an kai shi wurin mutum uku."

"Kawo shi mu gani," in ji Dogo. "Amma mu biyu muke aiki."

Ya zauna a bakin but ɗin motar Dakta ya baje kayan aikinsa, mutum biyu suka kawo nasu suka tsaya a layi. Rana ta yi zafi kafin su gama.

A hanyar komawa, a bayan motar Mai Walda, matar Dogo ta rungume jirgin a cinya. Can ta ce, "Maigida, minti shida fa kawai batirin nan yake yi. Ina fara jin daɗi yake ƙarewa."

"To me kike so?"

"A ƙaro batir biyu."

Mai Walda ya dube su ta madubi. "Dogo, ka ga abin da na jawo maka?"

"Tuƙa mota, malam," in ji Dogo. "Uku za a ƙaro. Ni ma ban haƙura da tuƙin ba."